Ilimin gudun ruwa: Lissafin da ke riƙe da Dam ɗin Tiga

Wanda ya tsaya a kan bangon Dam ɗin Tiga da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji a ƙarshen damina zai ga tafki shimfiɗe ta hannu guda har inda ido ya gaza, ta ɗaya hannun kuma ƙasa ta gangara can nesa, inda Kogin Kano da babban kanal suka kama hanyarsu zuwa arewa. Abin da ya raba su tudun ƙasa ne da aka dandaƙe, tsayinsa mita 48, tsawonsa kimanin kilomita 6. An gina shi tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin ya tare ruwan da ya kusa kai mita kubik biliyan 2. Kowace mita kubik guda lita 1,000 ce, wato jarka 40 irin ta 'yan ga-ruwa.

Tudun ƙasa ba ya riƙe irin wannan ruwa da sa'a. Akwai fannin ilimi da ke bayyana yadda ruwa ke tafiya, da ƙarfin da yake ɗauke da shi, da inda yake ɓarnatar da ƙarfin. Ana soma karanta shi a digirin farko na injiniya, amma sai a digiri na biyu da na uku ake shiga cikinsa sosai. A wurin masana fannin, kalmar ruwa ta haɗa duk abin da ke malala: mai, jini, zuma, iska da hayaƙi. Karatun ya kasu gida biyu. Gida na farko yana ɗaukar ruwa tamkar ba shi da danƙo ko kaɗan, na biyu kuma yana lissafa danƙon. Wannan rabuwa ta ci fiye da shekara 150 ana muhawara a kanta.

Danƙo da kauri

Duk matar da ta taɓa dama kunu ta san abin da ɗaliban injiniya ke kira biskositi. Koko mai ruwa-ruwa yana zubowa daga ludayi nan take, kunun da ya yi kauri kuwa sai ya ja jiki. Abin da ke faruwa shi ne, ruwa yana tafiya ne tamkar shafi bisa shafi, kowane shafi yana gugar na kusa da shi yana riƙe shi. Ƙarfin wannan riƙo shi ne danƙo. Na zuma ya ninka na ruwan sha sau dubbai. Zafi yana rage shi: ruwan da ya kai digiri 30 a ma'aunin Salshiyas ya fi na digiri 20 rashin danƙo da kusan kashi ɗaya cikin biyar, shi ya sa man ja da ya daskare da hunturu sai an kai shi rana kafin ya zubu.

Danƙon ruwa kaɗan ne ƙwarai, har masanan farko suka ga babu laifi a yi watsi da shi. Daniel Bernoulli, ɗan ƙasar Suwizalan, ya wallafa littafinsa a 1738, abokinsa Leonhard Euler kuma ya fitar da cikakken lissafin ruwa marar danƙo a 1757. Daga aikinsu aka samu ƙa'idar da kowane ɗalibi ke haddacewa: tsayin da ruwa yake, da matsinsa, da gudunsa, dukiya ɗaya ce da ake canza wa kama. Idan gudu ya ƙaru, matsi ya ragu. Idan ruwa ya gangaro, tsayin da ya rasa ya koma gudu ko matsi.

Wannan ƙa'ida tana aiki a Tiga kowace rana. Duk zurfin mita 10 na ruwa yana ƙara matsi kwatankwacin nauyin dukkan iskar da ke bisa kanmu. Idan aka buɗe ƙofa a zurfin mita 20, ruwan zai fito da gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 70 a awa. Mita kubik guda da ke faɗowa daga tsayin mita 30 a kowace daƙiƙa tana ɗauke da ƙarfin da ya kusa kilowat 300 kafin a cire asara, kuma da irin wannan lissafi ake auna abin da tashar lantarki mai megawat 10 da Gwamnatin Kano ta gina a Tiga za ta buƙata na ruwa. Manomin Kadawa da ke cika lanƙwasasshen bututu, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya tsallaka da shi gaɓar ƙaramin kanal don ruwa ya zuba a fangalinsa ba tare da inji ba, da ƙa'idar Bernoulli yake aiki, ko da bai taɓa jin sunan ba.

Idan aka ƙara sharaɗi guda, wato aka ɗauka ƙwayoyin ruwan ba sa juyawa a kan kansu yayin da suke tafiya, sai lissafin ya yi sauƙi matuƙa. Wannan shi ne reshen da ake kira fotenshal. A cikinsa ana ba kowane wuri a cikin ruwan lamba guda, tamkar yadda ake rubuta tsayin ƙasa a taswira, ruwan kuma ya bi gangaren lambobin. Ƙa'idar da ke tafiyar da lambobin tana ɗauke da sunan Bafaranshen nan Laplace, kuma ita ce dai ke bayyana yaɗuwar zafi a cikin ƙarfe da tafiyar lantarki. Wanda ya iya warware ɗaya ya iya sauran.

Inda lissafin ya yi tuntuɓe

A 1752 Jean d'Alembert ya bi wannan lissafi har ƙarshensa, ya tarar da abin da hankali ba zai karɓa ba. Lissafin ya ce idan aka kafa turke a tsakiyar kogi mai gudu, ruwan ba zai tura shi ba ko kaɗan, domin matsin da ke gabansa daidai yake da na bayansa. Duk wanda ya taɓa tsallaka Kogin Kano a watan Agusta, ruwa iya gwiwa, ya san ƙarya ne. Amma babu kuskure a cikin lissafin. Kuskuren yana cikin abin da aka ɗauka tun farko.

Daga nan fannin ya dare biyu. Masu lissafi suka ci gaba da kyawawan ƙa'idojinsu da ba sa bayyana abin da ake gani, masu gina kanal da bututu kuma suka koma ga awo da gwaji, suna tara jadawalin da ke aiki amma ba su san dalilinsa ba. Claude Navier, injiniyan gada a Faransa, ya shigar da danƙo cikin lissafin Euler a 1822, George Stokes na Jami'ar Kambirij ya kammala shi a 1845. Abin da suka fitar, wanda ake kira lissafin Navier da Stokes, shi ne tushen fannin har gobe. Matsalarsa ita ce wuya. Ba a iya warware shi kai tsaye sai a 'yan wurare masu sauƙi, kamar ruwa a miƙaƙƙen bututu. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sanya shi cikin manyan matsaloli bakwai, ta kuma ware Dala miliyan 1 ga wanda ya tabbatar ko lissafin yana da amsa lafiyayya a kowane hali ko kuwa akwai inda yake wargajewa. Sama da shekara 20 bayan sanarwar babu wanda ya karɓi kuɗin.

Wanda ya sasanta ɓangarorin biyu Bajamushe ne, Ludwig Prandtl, a wata gajeriyar takarda da ya gabatar a taron masana lissafi a Heidelberg a 1904. Ya lura cewa ruwan da ke taɓa jikin bango ko turke yana manne ne, ba ya motsi sam, kuma daga wannan tsayuwa zuwa cikakken gudu tazarar siririya ce, sau da yawa ba ta wuce kaurin fata ba. A cikin wannan siririyar fata danƙo ke mulki. A wajenta lissafin fotenshal ya wadatar. A bayan turke fatar tana saɓulewa daga jikinsa, ruwa ya yi ta juyi, matsi ya faɗi, sai na gaba ya rinjaye shi. Turin da d'Alembert ya rasa ke nan. Fukafukin jirgin sama da farfelar injin lantarki duk a kan wannan fahimta ake zana su.

Natsuwa da hargitsi

Akwai kuma gwajin Osborne Reynolds a Manchesta a 1883. Ya zura siririn zaren rini cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. Da gudun yake kaɗan, zaren ya tafi a miƙe. Da ya ƙara buɗe famfo, sai ya kai wani mataki da zaren ya tarwatse, rinin ya gauraye da ruwan baki ɗaya. Ya gano cewa lamba guda ce ke yanke hukunci: a ninka gudu da faɗin bututu, a raba da danƙo. Idan ba ta kai kimanin 2,000 ba, ruwa na tafiya a natse. Idan ta haura 4,000, hargitsi ne.

A tiyo mai inci 3 da ke ɗauke da ruwa a gudun mita guda a daƙiƙa, lambar ta kai wajen 75,000. Ma'ana, kusan duk ruwan da manomin rani ke hulɗa da shi, daga tiyo zuwa kanal zuwa kogi, mai hargitsi ne, kuma hargitsi shi ne ɓangaren da ilimi bai gama kamawa ba. Ruwa mai natsuwa yana bin ƙa'idar Hagen da Poiseuille ta wajajen 1840, wadda ta ce idan aka ninka faɗin bututu biyu, ruwan da zai wuce zai ninka 16. Poiseuille likita ne, jijiyoyin jini yake nazari. A ruwa mai hargitsi ninkin yana kusa da 6. Ko a hakan, manomin da ya sayi babban inji ya ɗaura masa siririn tiyo mai tsawo yana ƙona fetur ne wajen yaƙi da jikin tiyon.

Wani abin da ke wahalar da masu noman fadama shi ne iyakar zuƙo. Injin ban-ruwa ba ya jan ruwa da kansa. Iskar da ke cikin bututu yake cirewa, nauyin iskar waje kuma ya turo ruwan sama. Wannan nauyi ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗoriya, a aikace ma mita 7 zuwa 8 ne. Idan ruwan rijiya ya ja ƙasa a watan Afrilu, ko an canza inji mai ƙarfi ba zai zuƙo ba, sai dai a sauke injin cikin rami ko a zura wanda ke nitsewa. Torricelli ya bayyana dalilin a Italiya tun wajajen 1643.

Ruwan da ke ratsa cikin bango

Abin da ya fi muhimmanci ga mutanen da ke zaune a ƙasan Tiga ba ya ganuwa. Babu madatsar ƙasa a duniya da ba ta naso. Ruwa yana ratsa ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa a hankali, ta cikin bangon da kuma ta ƙarƙashinsa, dare da rana. Aikin injiniya shi ne ya san yawan nason, da hanyar da yake bi, da inda zai ɓullo.

Henry Darcy, wanda ya samar wa birnin Dijon na Faransa ruwan famfo, ya wallafa sakamakon gwajinsa na tace ruwa ta cikin yashi a 1856. Ya nuna cewa gudun naso yana tafiya daidai da bambancin tsayin ruwa a raba da nisan da ya ratsa, a ninka da wata lamba da ke nuna buɗewar ƙasar. Tsakanin yashi da yumɓu wannan lamba tana bambanta sau dubbai, har zuwa miliyoyi, shi ya sa ake sanya yumɓu a zuciyar bango. A nan ne abin mamakin fannin yake. Naso shi ne tafiyar ruwa da danƙo ya fi mamayewa, amma idan aka haɗa ƙa'idar Darcy da sharaɗin cewa ruwan da ya shiga dole ya fita, abin da ke fitowa shi ne lissafin Laplace, wato dai na ruwa marar danƙo. Lissafin da ya kasa bayyana turke a kogi shi ne ya fi kowanne dacewa da abin da ke faruwa a cikin bangon dam.

Da shi ake zana abin da ake kira ragar naso. A kan hoton bangon da aka yanka a tsaye, ana jan layukan da ruwa ke bi, sannan a gitta su da layukan da ke haɗa wuraren da ƙarfin ruwan yake daidai, har a samu ƙananan murabba'ai kamar idon koma. Philipp Forchheimer na Ostiriya ya shimfiɗa hanyar, Arthur Casagrande na Jami'ar Harvard ya yaɗa ta ga masu gina dam a 1937. A da da fensir da magogi ake yi, yau kwamfuta ke yi. Inda idanun ragar suka matsu, nan ruwa ya fi gudu, kuma galibi a gindin bango ne ta ɓangaren da babu tafki.

Haɗarin yana nan. Idan nason da ke ɓullowa ya yi ƙarfin da zai ɗaga ƙwayoyin ƙasa, sai ya soma kwashe su. Kowace ƙwaya da ta tafi tana rage nisan da ruwa zai ratsa, gudun ya ƙaru, ya ƙara kwasa, rami ya yi ta ci da baya kamar na gara har ya isa tafkin. Haka Dam ɗin Teton na Jihar Idaho a Amurka ya rushe a ranar 5 ga Yunin 1976, a cikarsa ta farko, cikin 'yan awoyi. Maganin da aka sani shi ne matacin yashi da tsakuwa da ke barin ruwa ya wuce ya riƙe ƙasa, da bututan awon matsi da ake binnewa a jikin bango a riƙa karantawa. Ƙa'idar masu gadin dam a ko'ina ɗaya ce: naso mai haske a auna shi a rubuta, naso mai laka a kai rahoto nan take.

Mutanen Bebeji ba sa buƙatar misalin Amurka. A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, Dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ya yi ɓarna a gonaki da gidaje, alhali girmansa bai kai kashi 2 cikin 100 na Tiga ba. A 1992 aka rage tsayin mafitar rarar ruwan Tiga da mita 3.5 saboda tsaron bangon, abin da ya zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tafkin ke iya ajiyewa. Hukunci ne mai tsada, domin ruwan da aka saki da shi za a yi noman rani, amma matsin da ke kan bango da ƙarfin naso duk da tsayin ruwa suke tafiya. Ambaliyar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 ta sake tayar da tambayar a duk Arewa.

Laka daga Doguwa, ciyawa a kanal

Kogin Kano yana tasowa ne daga gindin tsaunukan Filato, ya ratso ƙasar Doguwa da Tudun Wada da dajin Falgore kafin ya faɗa Tiga. Wannan yanki ya fi ko'ina a jihar ruwan sama, sama da milimita 1,000 a shekara, kuma ruwan ba ya zuwa hannu rabbana. Yana ɗauko yashi da laka daga gonaki da duk inda aka sare itatuwa. Hargitsin kogi ne ke riƙe su a sama. Da zarar ruwa ya shiga tafki ya lafa, sai su soma sauka. Stokes ya ba da ƙa'idar saukar a 1851: gudun nitsewa yana tafiya da faɗin ƙwaya sau kansa. Ƙwayar rairayi mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita tana sauka mita guda cikin minti biyu. Ƙwayar yumɓu da ta fi ta ƙanƙanta sau 100 sai ta yi kusan mako biyu. Saboda haka yashi ke taruwa a bakin tafki inda kogi ya shigo, laka kuma ta kai har gindin bango. Kowace damina tafkin yana rasa wani abu na cikinsa, kuma haka lamarin yake a Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, maƙwabciyar Ƙiru, wanda aka kammala a 1992.

A ƙasan dam matsalar ta guga ce. Babban kanal yana kai ruwa tafkin Ruwan Kanya, daga nan a rarraba shi zuwa gonakin shirin noman rani na Kogin Kano a Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya zana da nufin shayar da hekta 22,000 a kashin farko, yake kuma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun bayan kafa ta a 1976. Ba inji ke tura ruwan ba, gangare ne kawai. Ana lissafa abin da kanal zai ɗauka da ƙa'idar Robert Manning ɗan Ailan ta 1889, wadda ke ba kowane irin jikin kanal lambar kaushi: siminti mai santsi kimanin 0.013, ƙasa tsaftatacciya kimanin 0.025, wanda ciyawa ta cinye kuma 0.05 ko fiye. Idan lambar ta ninka biyu, ruwan da ke wucewa a zurfi guda ya ragu da rabi. Wannan ne bayanin rigimar da aka saba gani tsakanin manoman bakin kanal da na ƙarshensa: ciyawar kacala da laka suna cinye rabon na ƙarshe tun kafin wani ya taɓa ƙofa. Yashe kanal da gyaransa na cikin manyan ayyukan shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014.

Inda ake karantawa

Ɗalibin da ke son zurfafawa yana da ƙofofi uku. Akwai injiniyan gine-gine da albarkatun ruwa, inda ake nazarin dam da kanal; akwai injiniyan injuna, inda ake nazarin famfo da farfela da zafi; akwai kuma sashen lissafi, inda ake fama da ƙa'idojin kansu. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil suna da tsangayar injiniya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe na musamman kan albarkatun ruwa da muhalli, Cibiyar Binciken Aikin Gona tata kuma tana da tashar gwajin ban-ruwa a Kadawa. A Kaduna akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando.

Karatun digiri na biyu yana buƙatar ƙwari a lissafi, musamman wanda ke bin sauyin abu a wurare da lokuta daban-daban, da iya rubuta umarni ga kwamfuta, domin a yau ana yayyanka tafki ko bututu zuwa ƙananan gutsattsari dubbai ko miliyoyi a warware lissafin Navier da Stokes a kowanne. Manhajar ANSYS Fluent ta kuɗi ce. OpenFOAM da HEC-RAS, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka ƙera don koguna da ambaliya, kyauta ake sauke su a intanet. Wanda ke ganin fannin baƙo ne ga al'adarmu ya tuna cewa Al-Karaji ya rubuta littafi kan fito da ruwan ƙarƙashin ƙasa tun wajajen shekara ta 1000 Miladiyya, Al-Jazari kuma ya zana injinan ɗaga ruwa a 1206.

Kwamfuta dai abin da aka ba ta take mayarwa. Tana iya fitar da hoto mai launuka na yadda ambaliya za ta bi idan bango ya karye, amma sai an ba ta zurfin tafki na yau, ba na 1974 ba, da tsayin ƙasa, da kaushin kogi, da karatun bututan matsi na shekaru a jere. Kundin bincike da ya ƙare a warware lissafin wani bututu na ƙaddara ya fi sauƙin kammalawa, amma wanda ya ɗauki kwalekwale da na'urar awon zurfi ya zagaya Tiga daga bango zuwa bakin Falgore, nasa ne hukumar dam za ta buɗe a ranar da za ta yanke shawarar yawan ruwan da za ta saki a watan Satumba.